Yadda ake zana gidan injin hannu da makunninsa don haɗawa ta zo da sauƙi

A shagonmu na gyaran injinan hannu a nan Maraɗi, gano cutar inji ba ta cika ɗaukar lokaci ba. Cikin minti biyar mukan gane ko sharbon (ɗan gawayin da ke ba moter kuran) ne ya cinye, ko makunni ne ya ƙone, ko waya ce ta tsinke a gindin mariƙi. Inda rana take ƙarewa shi ne wajen mayar da inji yadda aka same shi. Kwanakin baya wani mai walda daga unguwar Zariya ya kawo injin huji. Bis takwas ne ke riƙe da gidan, tsawonsu iri uku, kawunansu kuwa duk ɗaya. Aparantina ya ɗauki dogo ya sa a ramin gajere, bakin bis ya huda rigar waya a ciki. Allah ya kiyaye, mun gwada da mita kafin mu miƙa wa mai shi. Da na nuna wa yaron sai ya ce, "Wallahi Maigida, duk kamarsu ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya zana gidan ne ya haƙa wannan ramin tun a takarda.

Na rubuta wannan ne don ɗaliban da ke koyon zanen inji a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, da kuma masu gyara irina waɗanda suka fara samun damar amfani da firinta 3D suna sake wa inji gida. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: a ƙasarmu inji ba sau ɗaya ake haɗa shi ba. Ƙurar hunturu da garin ƙarfe za su sa a buɗe shi sau da yawa kafin ya mutu, kuma mai buɗewar a gefen titi yake zaune da turnabis ɗaya. Shi za ka yi wa zane, tare da mai haɗawa na farko.

Mataki na farko: kwance tsohon inji, ka ƙirga, ka auna lokaci

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Sami mataccen inji irin wanda kake son zanawa, ka shimfiɗa farin kwali, ka kwance shi gaba ɗaya. Kowane abu da ya fito ka ajiye shi a jere bisa yadda ya fito, ka rubuta lamba a gefensa. Bis ma abu ne, kowane ɗaya ka ƙirga shi daban. Sannan ka ba wani ya haɗa, kai kana riƙe da agogon salula kana rubuta daƙiƙar da kowane abu ya ci. Ka lura da inda ya juya injin, da inda ya canja turnabis, da inda ya riƙe abu da yatsa ɗaya yana neman hannu na uku. Duk inda ka ga ya sa haƙori ya riƙe wani abu, yi wa wurin jan layi.

Daga nan sai ka yi wa kowane abu tambayoyi uku. Wannan dabara ta Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst ce, malaman jami'a a Amurka waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1983 a kan wannan ilimi. Tambaya ta farko: shin abin nan yana motsi dabam da abin da yake jingine da shi lokacin da inji ke aiki? Ta biyu: shin dole ne a yi shi da wani abu dabam, kamar tagulla don ta ɗauki kuran ko roba don ta hana shi wucewa? Ta uku: shin dole ne ya zama a rabe don a iya sa wasu abubuwa ko a fitar da su? Idan amsar duka ukun a'a ce, abin nan bai cancanci zama shi kaɗai ba, sai a narkar da shi cikin jikin maƙwabcinsa a zane. Ƴar farantin da ke danne waya, da murfin da ke rufe wani murfi, da mafi yawan bis, a nan suke faɗuwa.

Suna da wani lissafi mai sauƙi da ke nuna maka inda kake. Ana ɗauka cewa abu mai kyan zane daƙiƙa 3 yake ci wajen sakawa. A ce abubuwan da suka tsallake tambayoyin nan guda 15 ne, kuma haɗa injin ya ci daƙiƙa 300. Sai ka ce 15 sau 3, 45 ke nan, ka raba da 300, ka sami 15 cikin ɗari. Rubuta wannan adadi a saman takardarka. Duk gyaran da ka yi wa zane, ka dawo ka duba ko ya ɗaga.

Mataki na biyu: zaɓi siffar gida

Gidajen injinan hannu iri biyu ne. Akwai mai ɓari biyu, wanda ke rabuwa a tsaye kamar kwanson gyaɗa. Shi ake yi wa injin huji, musamman mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga da makunni a ƙarƙashin yatsa, siffar da Duncan Black da Alonzo Decker suka sami takardar mallakarta a Amurka a 1917 kuma har yau ba a sauya ta ba. Akwai kuma mai siffar gora, bututu guda wanda ake zura moter ta baki, a rufe bayan da murfi. Shi ya fi yawa a injin yanka da gugar ƙarfe.

Mai gora ya fi riƙe moter a miƙe, domin mazaunin rulma (abin da mutanen Kano ke kira boris) da mazaunin moter duk a jiki ɗaya suke, babu tsaga a tsakani. Injin da ke juyi kusan sau 11,000 a minti yana bukatar wannan. Amma haɗa shi aikin lalube ne, kana zura waya a ramin da ba ka gani. Mai ɓari biyu kuwa komai a fili yake. Idan wannan ne zanenka na farko, ɗauki mai ɓari biyu. Ina kuma ba ka shawara ka fara da inji mai batir na bolt 12 ko 18, ka bar mai kuran 220 sai hannunka ya faɗa, domin kuskure a can rai yake ci.

Kaurin mariƙi ya tsaya tsakanin milimita 30 da 40. Ka sassaƙa shi da itace ko ka mulmula da yumɓu, ka ba kafinta da mai walda su riƙe, ɗaya da safar hannu ɗaya babu.

Mataki na uku: ɓari ɗaya ya ɗauki komai

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace rage wahala. Ɗaya daga cikin ɓarin biyu shi ne akushi, ɗayan murfi ne kawai. Mai haɗawa zai kwantar da akushi a kan tebur, ya riƙa sauke kaya daga sama zuwa ƙasa, moter, giya, makunni, waya, kowanne ya faɗa mazauninsa ya zauna ba tare da an riƙe shi ba. In ya gama ya kifa murfi ya ɗaure. Ba juyawa, ba sakawa ta gefe, ba wani abu da ke manne a murfi wanda waya ke haɗa shi da akushi. Idan ka ga dole sai an liƙa wani abu a murfi, koma ka sake tunani, kusan kullum akwai hanyar mayar da shi ƙasa.

Don kaya su zauna da kansu, mazaunin da ke cikin akushi ya ɗan zarce rabin abin da zai riƙe, ko ka ɗaga haƙarƙarin roba a gefe biyu su rungume shi. Bakin kowane mazauni ka fiƙe shi kaɗan, kamar milimita ɗaya a karkace, domin abu ya zame ya shiga ko da hannu bai saita daidai ba. Baki mai kaifi yana sa mai haɗawa ya tsaya yana nema, kuma daƙiƙoƙin nan ne ke taruwa.

Sai maganar fuska da baya. Duk abin da za a saka, ko dai ya zama ta ko'ina aka sa shi daidai ne, ko kuma ya ƙi shiga sam idan aka juya shi. Tsaka-tsakin ce ke da haɗari, wato abin da ke shiga ta fuska biyu amma ɗaya ce kawai daidai. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, da ya yi aiki da kamfanin Toyota, shi ya yaɗa wannan tunani da sunan poka-yoke, ma'ana hana kuskure tun kafin a yi shi. A aikace abu ne ƙarami: ka yanke kusurwa ɗaya ta mazauni, ko ka fito da ɗan ƙulli a gefe guda wanda zai tokare idan an juya.

Gefen ɓarin biyu kada su haɗu baki da baki a shafe. Yi wa ɗaya harshe, ɗayan kwari, su shige cikin juna. Wannan yana saita su kafin a sa bis, yana hana ƙura shiga ta tsaga, yana kuma tsawaita hanyar da kuran zai bi kafin ya kai hannu. Ƙara ƴan turaku biyu masu nisa da juna, masu ɗan tsawo fiye da harshen, su fara shiga ramukansu su ja murfi zuwa wurinsa.

Kada ka manta da iska. Fankar da ke kan sandar moter tana jawo iska ta tagogin baya, ta bi ta kan sharbon da naɗin waya, ta fita ta gaba. Sai ka yi katanga a kewayen fankar, in ba haka ba iska za ta yi ta kewaya a wuri ɗaya, moter ya dahu a zafin watan Afrilu. Tagogin kuma su kasance ƙanana da karkace. Yatsan gwaji da ake amfani da shi a ƙa'idar duniya kaurinsa milimita 12 ne, amma ni ina zana wa abin da ya fi shi siriri, domin na sha ciro guntun waya da ƙusa daga cikin inji.

Mataki na huɗu: makunni

A nan zan daɗe, don nan ne rabin injinan da ake kawo mana suke mutuwa, nan ne kuma haɗawa take cijewa.

Da farko, kada ka ƙirƙiro cikin makunni. Sayi wanda aka riga aka ƙera, rufaffe, wanda ake samu a babbar kasuwa ko wajen masu kawo kaya daga Kano, ka zana gidanka a kewayensa. Kafin ka ja layi ɗaya, sayi guda uku ko huɗu daga shaguna dabam-dabam ka auna su da ma'aunin kauri. Za ka ga sun ɗan bambanta. Mazaunin da za ka yi ya karɓi mafi girmansu, sannan ka sa ƴan siraran haƙarƙari da za su matse mafi ƙanƙanta don kada ya yi rawa. Ranar da makunni ya ƙone, mai gyara zai sami madadinsa a gari, ba sai ya fasa roba da wuƙa ba.

Karanta rubutun da ke jikinsa. Za ka ga abu kamar 6(4)A 250V. Lambar farko ta kaya ce marasa moter, irin su dutsen guga. Ta cikin baka ita ce ta moter, ita za ka duba. Inji mai wat 720 a kan bolt 220 yana jan amfiya 3 da ɗan kai, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka, haka ma idan faifai ya cije a ƙarfe. Saboda haka ka bar rata mai yawa. Idan ka ga an rubuta 5E4, ana nufin an gwada shi kunnawa da kashewa sau 50,000.

Ga inji mai kuran, ka zaɓi makunnin da ke yanke wayoyi biyu a lokaci guda. Fulogin da muke amfani da shi mai ƙafa biyu ne zagayayyu, yana shiga ta kowace fuska, don haka ba ka san wace waya ce mai rai ba. Makunnin da ke yanke waya ɗaya zai iya tsayar da moter alhali kuran na nan kwance a cikinsa.

Sai babbar magana, wadda duk mai aiki da injin yanka a garin nan ya sani. Makunni mai turawa ya maƙale yana zama a kunne ko da an ɗauke wuta. Mai walda yana tsakar yanka, wuta ta tafi, ya ajiye inji a ƙasa ya je shan ruwa. Wuta ta dawo, ko wani ya tada janareta, inji ya tashi shi kaɗai yana tsalle da faifai a tsakanin ƙafafun yara. Na ga ƙafar da hakan ta yanka, ba na son in sake gani. Mafita biyu ce. Ko ka sa makunni mai faɗi a ƙarƙashin mariƙi wanda ke mutuwa da zarar an sake shi, tare da ɗan harshen da sai an ture shi kafin ya dannu. Ko kuma, idan dole sai mai maƙalewa, ka bar wuri a cikin gida don ƴar na'urar da ke hana inji tashi bayan wuta ta dawo sai an kashe an sake kunnawa. Wannan abu ɗaya ne da ya ƙara yawan kaya, kuma na yarda da ƙarinsa ɗari bisa ɗari.

Yanzu yadda zai zauna. Makunni ya shiga aljihunsa daga sama, ba tare da bis ba. Bayansa ya jingina da katanga mai ƙarfi, domin duk ƙarfin yatsa can yake tafiya, kuma mai aiki ba ya danna kunama a hankali. Katangar nan ka tokare ta da haƙarƙari biyu ta baya. Kunamar ta fito ta tsagar da ke tsakanin ɓarin biyu, rabin taga a akushi rabi a murfi, yadda ba sai an zura ta ta rami ba. Bar ratar kamar rabin milimita a kewayenta. In ta yi matsi, ƙura za ta cije ta, ta ƙi komawa, inji ya ƙi mutuwa. In ta yi faɗi, ƙura ta sami ƙofa. Ka yi wa kunamar ɗan leɓe ta ciki wanda zai rufe ratar ko tana danne ko tana sake.

Guji sakakken rasor, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke dannuwa ta dawo. Babu abin da ke ɓata wa mai haɗawa rai irin ɗan rasor da ke tsalle ya faɗa cikin yashi. Makunnin kasuwa yawanci da rasor ɗinsa a ciki yake zuwa, ka dogara da shi. Idan akwai ɗan sandan da ke juya inji gaba da baya, ka zana shi yadda zai zauna a kan hancin makunni ta fuska ɗaya kawai, kuma ya kasance akushi na riƙe da shi kafin a kifa murfi. Wannan ɗan sanda shi ne abin da aka fi mantawa a waje bayan an gama ɗaure bis duka.

Abu na ƙarshe a kan makunni: raba ɗakinsa da hanyar iska. Garin ƙarfe yana ɗaukar kuran. Idan ya taru a kan ƙafafun makunni yakan yi gada, inji ya riƙa jan mai shi ko ya yi tartsatsi. Katanga tsakanin mariƙi da ɗakin moter, mai ƴar ƙofar da waya kawai za ta bi, ta isa.

Mataki na biyar: kowace waya da hanyarta

Kuskuren da ya fi yawa wajen rufe inji shi ne waya ta faɗa tsakanin ɓari biyu a matse ta, ko ta kwanta a bakin ramin bis. Maganinsa a zane yake. Yi wa kowace waya kwarinta, mai zurfin da za ta nutse gaba ɗaya, kuma a kowane santimita biyu ko uku ka ɗan matse kwarin ya fi wayar ƙanƙanta kaɗan, yadda za a danna ta da babban yatsa ta zauna. Hanyar ta kewaye turakun bis daga nesa, ta nisanci fanka da sharbon. Rubuta tsawon kowace waya a takardar zane. Doguwa takan yi lanƙwasa ta fito daga kwari, gajera kuma takan ja ƙafar makunni.

Wajen haɗa waya da makunni, na fi son ƴan bakin tagulla masu zurawa, na milimita 4.8 ko 6.3, ko makunnin da ake cusa masa waya ya cije da kansa. Dalma tana cin lokaci, tana bukatar wuta, kuma girgizar inji tana karya waya daidai inda dalma ta ƙare.

Igiyar da ke fita waje tana bukatar abu biyu: madannin da zai riƙe rigarta ta waje don kada ja ya kai ga makunni, da doguwar robar da ke hana ta karyewa a bakin mariƙi. Robar ta kasance da wuya mai faɗi wanda zai faɗa cikin kwari a akushi. Madannin kuwa, ko da yake akwai dabarar lanƙwasa igiya tsakanin turaku ba tare da bis ba, ni ina barin mai bis biyu, domin a nan igiyar da za a sauya ba lalle kaurinta ya zo ɗaya da ta asali ba. Ma'aikatanmu kuma da igiya suke jawo inji daga kan gini.

Inji mai gidan roba da fulogi mai ƙafa biyu ya dogara ne ga kariya ninki biyu, alamarsa murabba'i a cikin murabba'i. Saboda haka duk ƙarfen da hannu ke iya taɓawa, har da kan bis, ka nisanta shi da abin da ke ɗauke da kuran da aƙalla milimita 8, ko ka sa katangar roba a tsakani. Ƙa'idar duniya ta waɗannan injina ita ce IEC 62841. Wanda ke nufin sayar da abin da ya ƙera, dole ya karanta ta.

Mataki na shida: bis da ƙugiya

Bis iri ɗaya, tsawo ɗaya, duk daga fuska ɗaya. Idan wani wuri ya fi zurfi, ka daidaita zurfin ramin a jikin roba, kada ka canja bis. Kai mai gicciye na fi so, wanda turnabis ɗinsa ke aljihun kowane mai gyara daga nan har Tasawa. Kai mai tauraro ya fi riƙe turnabis a masana'anta, amma idan mai gyara bai da shi, zai sa turnabis mai lebur ɗin baki ya cinye kan. Ramin da kan bis ke nutsewa ya yi faɗin da turnabis na gama-gari zai shiga har ƙasa.

Ga bis mai yanka zarensa a roba, na milimita 4, turken da zai shiga ya yi kaurin kamar milimita 8 daga waje, ramin ciki kamar 3.2, zaren kuma ya kama tsawon milimita 8 zuwa 10. Faɗaɗa bakin ramin kaɗan daga sama don kada ya tsage. Kada ka manna turke da bango ya zama dunƙule guda, roba mai kauri takan lotsa idan ta huce. Ware shi kaɗan, ka haɗa su da siririn haƙarƙari. Sa bis kusa da rulma da gindin mariƙi, inda ƙarfi yake, sauran wurare harshe da kwari sun wadatar.

Ƙugiyar roba mai maƙalewa tana da daɗi a masana'anta, danna ɗaya ta rufe. Yi amfani da ita a ciki, wajen riƙe makunni ko allon lantarki kafin a kifa murfi. Amma kada ka rufe babban gida da ita. Mai gyara ba ya ganin inda take, zai sa turnabis ya ɓanɓare, ta karye, daga nan sai ɗauri da robar tayar keke. Inda ka sa ƙugiya, ka yi ta doguwa, tsawonta ya ninka kaurinta sau biyar ko fiye, siririya a baki, gindinta a zagaye, da ƴar tagar da za a sa abu a tura ta ta saki.

Sharbon kuwa ka yi masa ƙofarsa daga waje, murfi mai murɗawa a kowane gefe. Shi ne abin da aka fi sauyawa, bai kamata a kwance inji duka dominsa ba.

Mataki na bakwai: roba da kaurinta

Juya gidan inji mai kyau ka duba ciki, sau da yawa za ka ga an rubuta PA6-GF30. Nailan ke nan mai zaren gilashi 30 cikin ɗari. Yana jure zafi da duka, amma ba ya son lanƙwasa, kuma idan iska ta bushe ƙarau kamar lokacin hunturu ya fi saurin karyewa, domin nailan da ɗan danshi yake samun laushi. Wannan ma dalili ne na rage ƙugiya. Masu araha da robar ABS ake yin su.

Bango ya yi kauri ɗaya ko'ina, milimita 2.5 zuwa 3. Haƙarƙari ya zama rabin kaurin bango ko ya ɗan fi. Kowace kusurwa a zagaye. Idan kana nufin a zuba shi a mazubin ƙarfe wata rana, duk bangon da ke tsaye ya ɗan karkata digiri 1 zuwa 2 don ya fita daga mazubi, kamar yadda mai buga bulo ya sani. Manhajar zane ta kwamfuta mai suna FreeCAD kyauta ce kuma ta isa wannan aiki.

Firinta 3D ta gwaji ce. Robar PLA takan fara laushi a wajen digiri 60, kuma inji da aka bari a rana a kan kwano a watan Mayu yana iya kai wa nan tun ba a kunna shi ba. PETG takan kai wajen 80, ABS ta wuce 100. Ko da waɗannan, abin da firinta ta fitar hawa-hawa yake, akwai ƴan kafofi tsakanin hawa da hawa da garin ƙarfe zai iya shiga. Ban yarda a ba ma'aikaci irin wannan gida a kan kuran 220 ba. A wajen bugawa ka bar ratar milimita 0.2 zuwa 0.3 tsakanin abubuwan da za su shiga juna, kuma ka kwantar da ƙugiya a kwance, don idan aka buga ta a tsaye a kan layin hawa take karyewa.

Mataki na takwas: ba wanda bai taɓa gani ba

Buga samfurin farko, zuba kayan duka a tire, ka kira sabon aparanti wanda bai ga zanen ba. Ce masa, "Kai, zo ka haɗa mini wannan," ka koma gefe da agogo da biro, ka kame bakinka. Wannan kame bakin shi ne mai wuya. Duk inda ya tsaya yana jujjuya abu, rubuta. Duk inda ya tambaye ka, "Maigida, wannan ta ina yake shiga?" rubuta, kada ka amsa. Idan ya haɗa ba daidai ba kuma murfi ya rufu, nan ne babban gyaranka, domin gidan da aka zana da kyau ya kamata ya ƙi rufuwa idan akwai kuskure a ciki.

Sannan ya kwance ya sake haɗawa sau goma, ka duba turakun bis ko sun fara sakin zare. Koya masa ya fara murɗa bis baya har ya ji ɗan ƙas, alamar ya faɗa tsohon zarensa, kafin ya ɗaure. Bayan haka saki injin daga tsayin mita ɗaya a kan kankare sau uku, ta fuskoki dabam-dabam, ka buɗe ka ga ko makunni ya goce daga aljihunsa ko waya ta fito daga kwari. Ja igiyar da ƙarfi sau da yawa, ka duba ko ta motsa a ƙarƙashin madanni. Sa mita tsakanin ƙafafun fulogi da kowane kan bis da bakin inji, kunama a danne, kada allura ta motsa. Daga nan ka kai shi wajen mai walda ya yi mako guda yana aiki a cikin ƙurarsa, ka karɓo ka buɗe a kan farin kwali. Inda garin ƙarfe ya kwanta zai nuna maka hanyar da iska ta bi a zahiri. Idan ka same shi a ɗakin makunni, ka ɗaga katangar, ka ƙara zurfin harshe da kwari a wurin, ka sake bugawa, ka kira wani yaron dabam.